Ofishin Mai Murhu a Hawa na Arba'in

Akwai wani mai walda da kowa ke kira Mai Murhu, saboda wani murhu da yake ƙerawa wanda ba ya cin gawayi da yawa. Jama'a, mutumin nan ya iya aiki, amma fa akwai shi da son a sani. Ko sabon takalmi ya saya, sai duk layin sun ji labari.

Murhunsa ya karɓu har ya tsallaka iyaka. Direbobi ke ɗaukar biyu ko uku su kai maƙwabciyar ƙasa, tafiyar yini ɗaya a mota.

Wata safiya yana cikin feshin fenti, sai waya ta shigo daga can. Wata Hajiya ce, shugabar ƙungiyar mata masu sayar da abinci.

Ta ce, "Malam, murhu ɗari uku muke so. Amma ƙungiyarmu ba ta ciniki sai da kamfani mai rajista, mai ofishin da za mu iya zuwa idan abu ya lalace. Na ba ka wata guda. Ka turo adireshi, ni da kaina zan zo da tukunyata in gwada."

Mai Murhu ya ajiye waya ya daka tsalle, har ya yi fatali da gwangwanin fenti. Murhu ɗari uku! Wannan aikin kaɗai zai riƙe ma'aikatansa bakwai har shekara ta zagayo.

To, a nan ne fa kansa ya fara kumbura.

Wani abokinsa ya haɗa shi da wani dillalin rajistar kamfanoni, mai kwat da ƙamshin turare. Mai Kwat ya zauna a kan benci yana kakkaɓe wando, ya ce, "Ranka ya daɗe, babban mutum irinka ina shi ina rajista a maƙwabta? Akwai wata ƙasa can hayin teku, mai dogayen benaye. Kwana biyu an gama, haraji kaɗan, ga adireshi a hawa na arba'in."

Hawa na arba'in! Ai nan take Mai Murhu ya ji kamar an ɗaura masa rawani. Tun kafin ya sa hannu a komai, ya je aka buga masa kati mai ruwan zinare.

Da ya koma gida, ya tarar da matarsa, Maman 'Yan Biyu, tana ninke kayan wanki a tsakar gida. Ya miƙa mata katin yana wani ɗaga kafaɗa.

"Daga yau ki riƙa ce mini Darakta."

Ta jujjuya katin ta ce, "Ma sha Allah, Darakta. Na taya ka murna, wallahi. To ita Hajiyar, ta ina za ta hau da tukunyarta?"

"Wace irin magana ce wannan? Ai akwai na'urar hawa bene!"

"Ban ƙi ba. Jirgi za ta shiga da tukunyar? Kuma a hawa na arba'in ɗin ana barin a hura gawayi?"

Ya ɓata fuska. Sannan ya ce mata ba ta san harkar ƙasa da ƙasa ba.

Ta yi dariya ta ce, "Gaskiyarka, Baban 'Yan Biyu, ban sani ba. Alfarma ɗaya nake roƙo: kafin ka sa hannu, ka ce a nuna maka ofishin a waya. Ina so in ga inda za a ajiye kujerar mijina."

Washegari Mai Kwat ya yi ta kame-kame, amma da Mai Murhu ya nace, dole ya kira wakilinsu na can ta bidiyo. Ma'aikata duk suka ajiye guduma suka kewaye wayar.

Bene kam ga shi nan, har wuya ya gaji da kallo. Aka hau, aka buɗe wata ƙofa. Sai ga bango guda cike da ƙananan akwatunan wasiƙa, ɗaruruwa, kowanne da lambarsa. Wakilin ya sa yatsa a kan ɗaya yana murmushi.

Mai Murhu ya ce, "Wuce mu ga ofishin mana."

"Ai shi ne wannan, yallaɓai."

 Sai wani tsoho da ke yanka wa Mai Murhu ƙarfe ya gyara tabarau ya ce, "Maigida, tambaye shi ko murfin murhu zai shiga."

Ai kuwa shagon ya kece da dariya, har da masu riƙe ciki. Kunya ta kama Mai Murhu kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma daga baya shi ma ya fashe, har da hawaye.

A satin ya hau mota zuwa maƙwabciyar ƙasar da ya raina. Bai sha da daɗi ba kam. Ya bi layi, ya cike takardu, aka mayar da shi sau biyu saboda hoto. Ya nemi lauya ya zauna ya fahimci dokarsu da harajinsu. Ya kama ɗan shago kusa da tasha, mai ƙofa ɗaya da fili a gaba. Ana saura kwana biyu wa'adi ya cika, takardar rajista ta fito.

Ranar da aka sa, sai ga Hajiya da mata goma sha biyu a bayanta, kowacce da tukunya. Aka jera murhu a bakin ƙofa, aka zuba gawayi ɗan tafin hannu. Kafin a gama gaisawa, ruwa ya tafasa.

Hajiya ta ce, "Idan ya lalace, nan za mu same ka?"

"Nan, Hajiya. Ƙofar nan, ba hawa ko ɗaya."

"To a mayar da shi ɗari biyar."

Mai Murhu ya juya yana neman matarsa, don dama tare suka zo. Ashe tana gefe a tsugune, tana fifita wutar murhu na ƙarshe da katin nan mai ruwan zinare.

Ta ɗago ta ce, "Ka gani, Darakta? Bai tashi a banza ba."

Darasi: Idan sana'arka za ta tsallaka iyaka, kada tsawon bene ko kyan adireshi su zaɓa maka ƙasa. Ka duba inda masu sayen kayanka suke, ka san dokar wurin, ka ga ofishin da idonka, kuma kada ka raina tambayar na gida. Ku tura wa duk wani ɗan'uwa mai shirin faɗaɗa kasuwancinsa, tun bai buga kati ba.