Ɓarawon Tafkin Sarki Jatau

A zamanin da, can a wata ƙasa mai tsananin rani, an yi wani sarki wai shi Jatau. Adali ne, sai dai zuciyarsa a kusa take. Yana da tafki a bayan fada, ya ba wani dattijo mai suna Ajuji tsaronsa. Wata shekara ruwan ya yi ta ja da baya, alhali ko sawun mai tulu ba a gani a bakinsa ba. Sarki ya ce Ajuji ne ke kwasa a ɓoye, ya sa aka ɗaure shi, ya rantse in ba a kawo wani ɓarawon ba, kansa zai biya.

To, akwai Waziri Shekarau, mutumin da ni dai ban ji labarin mai basirarsa ba. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce ya san ɓarawon, amma yana roƙon sarki ya fara wuni a inda ɓarawon nan ba ya iya ɗaukar komai.

Ya sa aka liƙe wani ɗaki ruf, aka yi ta shigo da tukwanen tafasasshen ruwa har iskar ciki ta ƙoshi da tururi. Sarki ya shiga. Gumi ya keto masa, ya ƙi bushewa, fifita ta zama aikin banza. Ya kurɓi ruwan randa, ya ji shi da ɗumi. Rawanin da aka shanya tun safe yana nan sharkaf.

"Ranka ya daɗe, ka ga duniyar da babu ɓarawon nan," in ji Waziri. "Hatsi zai ruɓe a rumbu, tubali ba zai bushe ba."

Sai ya kifa tasa mai sanyi a kan tukunya, ya ɗago ta, ga ruwa yana ɗiga. Ya ce haka rana ke ɗaga ruwan tafki sama, gajimare ya riƙe, damina ta zubo shi a gonaki. In ta daina ɗauka, ba abin da zai sauko.

Sarki ya fito, iska ta buge shi, ya ji sanyi har ransa. Kunya ta kama shi ƙwarai. Da ƙafarsa ya taka har kurkuku, da hannunsa ya kwance dattijon, ya gaya masa ashe rana ce ɓarawon.

Ajuji ya durƙusa, ya ce: "Allah ya ba ka nasara, na tsare gabas na tsare yamma. Sama ce ta gagare ni."

"Tashi, baba, ka yafe mini," in ji sarki. "Da ka iya tsare ta, da duk mun mutu."