Shugaban da Ya Kira Gayya ta Waya

Akwai wani mutum mai suna Ukasha a wani ƙauye da ke bayan Hunkuyi. Ya daɗe yana aiki a Kaduna, da ya dawo sai aka ba shi shugabancin ƙungiyar ci gaban ƙauyen, wai don ya iya magana da manya. Ya iya kuwa. Magana da na ƙasa da shi ce ta gagare shi.

Damuwar ƙauyen ɗaya ce: wani kwazazzabo da ke cinye hanyarsu duk damina, har motar rake ta kasa shigowa. Ukasha ya samo siminti da rodi daga wata ƙungiyar agaji, da sharaɗin mutanen gari su gina kwalbati da hannunsu kafin ruwa ya sauka. In ba su yi ba, babu sauran taimako.

To, a ƙauyen nan mai kiran gayya shi ke takawa zaure-zaure, ya durƙusa ya gaida dattawa, ya nemi alfarma. Gogan naku kuwa ya harɗe a ofis, ya tura saƙon murya a zauren ƙungiya na waya: "Kowa ya fito ranar Asabar da shebur. Ba na son uzuri."

Mataimakinsa Safiyanu ya same shi. "Shugaba, ba a kiran gayya haka. Mu je wajen Baba Musa, dattijon gari ne. In ya ce a fito, an fito."

Ukasha ya ja tsaki. "Ni zan je in tsuguna? Ni na kawo musu alheri, su ya kamata su zo gaishe ni."

Ranar Asabar awaki kawai ya tarar a bakin kwazazzabon. Ransa ya ɓaci, ya yi ta cika yana batsewa har Juma'a ta zagayo. Ana sallamewa ya miƙe a gaban jama'a.

"Wallahi ban taɓa ganin malalata, matattun zuciya irinku ba! An kawo muku abu har gida, ku ɗaga hannu ya gagara!"

Baba Musa ya miƙe. Ya kaɗe rigarsa, ya sa takalmi, jama'a suka bi bayansa.

Da yamma Murja, shugabar mata, ta same shi a ofis. "Malam Ukasha, mu za mu ɗebo ruwan aikin nan, ko sau ɗaya ka tambaye mu? Yau kuma ka zage mana iyaye da mazaje. Ka je ka ba su haƙuri tun da sauran lokaci."

"Fita min daga ofis!" Kafin ta kai gida ya cire ta daga zauren wayar. Duk wanda ya tambayi dalili, shi ma ya bi ta. A ganinsa, haka ake tsare mutunci.

Ruwa dai ba ya jiran a gama fushi. Ya sauka kamar da bakin ƙwarya, rufin rumfar da aka ajiye kayan ya yi ta yoyo, simintin ya koma dutse. Mutane sun ga yoyon tun farko, amma wa zai je ya faɗa a kore shi?

Da Hajiya Zubaida, jami'ar masu agajin, ta zo duba aiki, a bakin kwazazzabon motarta ta tsaya. Jama'a suka taru. Ukasha ya shiga kame-kame, yana cewa laifin 'yan ƙungiya ne.

Ta juya ga taron. "To, su wane ne 'yan ƙungiyar? Ku ɗaga hannu."

Babu wanda ya motsa.

"Safiyanu!" in ji Ukasha. "Kai fa mataimakina ne!"

"Da can," in ji Safiyanu.

Hajiya Zubaida ta dube shi sama da ƙasa. "Mu ƙungiya muka bai wa kaya, Malam. Kai kuwa kai kaɗai nake gani." Ta shiga mota, direba ya juya. Jama'a suka watse da takaici, suka bar shi tsaye cikin taɓo.

Darasi: Aikin al'umma da roƙo da girmamawa ake yin sa. Shugaban da ya raina masu yi don Allah zai wayi gari da kujera babu jama'a, kuma kowa asarar za ta shafa. Ku tura wa shugabannin ƙungiyoyinku, ko wani zai gyara.