Abin da Ya Sa Ake Sunkuyar da Kai Gaban Hayaƙi

Dalilin da ya sa babu mai iya kallon hayaƙi ido da ido, ku matso ku ji. Kai Ɗanladi, bar murza idon nan. Gwaggonku ta jami'a, mai ɗora na'ura a kan rufi tana tace iska, ta ce wasu ƙananan ƙwayoyi ne a cikin hayaƙin. Ban musa mata ba. Amma na'urarta ba ta san abin kunyar da aka yi ba.

A da can Hayaƙi ɗan aike ne mai ladabi, fari tas, ba ya sa kowa hawaye. In damina ta kusa, kowane gida sai ya ƙona tafi ɗaya na busasshen kara, Hayaƙi ya kwashi ƙwayoyin ya kai wa Girgije. Shi kuma Girgije ya lulluɓe kowace ƙwaya da ruwa, kamar yadda ake mulmula fura, in ta yi nauyi ta faɗo. Tafi ɗaya aka ce, kar a ƙara.

To akwai wani manomi, Nomau, mutum ne mai son ya fi kowa. Ya ce a ransa, in tafi ɗaya na kawo ruwa, ai tari guda zai sa gonarsa ta sha ta ƙoshi. Ya tara ɗanyar ciyawa da tsummoki da tsohuwar fatar akuya a bayan gida.

Matarsa Tabawa, tana goye da 'yarsu Kulu, ta ce, "Maigida, tafi ɗaya fa aka ce."

"Shiga ciki ki kwantar da yarinya," in ji shi, ya cinna wuta.

Hayaƙi ya zo ya duba, ya ce, "Nomau, kayan nan sun yi yawa, kuma ba su da tsabta."

"Kai ɗan aike ne ko alƙali? Ɗauki ka tafi."

Bawan Allah ya ɗauka. Kafin ya kai sama ya yi baƙi ƙirin. Girgije ya shiga rabon ruwa, ƙwayoyi sun yi yawa, kowace ta samu ɗan kaɗan, babu wadda ta yi nauyin faɗowa. Hadari ya tsaya a kan gari ko ɗigo babu, shuka ta fara yaushi. Mutane suna ta tambayar wa ya ɓata ƙa'ida. Nomau yana cikinsu, har da girgiza kai yana cewa, "Wasu dai ba su da tsoron Allah." Ni nan wurin ne yake ba ni haushi.

Girgije ya ce wa Hayaƙi, "Mayar wa mai shi kayansa."

Da Nomau ya hango shi tafe, sai ya ruga gida ya rufe ƙofa, ya ce, "Ban san ka ba."

Ɗan aike kuwa ba ya komawa da saƙo. Hayaƙi ya bi ta kafar ƙofa ya shiga. Kulu na barci a kan tabarma, ta ja numfashi, kayan ubanta suka shige ƙirjinta. Sai ta yi tari. Ba a taɓa jin wannan ƙara ba a duniya, gari duka ya taru a ƙofar gidan.

Tabawa ta fito da Kulu a hannu, ƙirjin yarinyar na sama da ƙasa, bakin hancinta duk baƙi. Nomau ya biyo bayanta, ta miƙa masa ita gaban jama'a, ta ce, "Maigida, saƙonka ya iso."

Kunya ta rufe Nomau. Ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba, ya kasa ko karɓar 'yarsa. Babu wanda ya zage shi, kuma da sun zage shi da ya fi masa sauƙi.

Hayaƙi ma kunya ta kama shi, ya ce, "An sa na cuci wadda ba ta san komai ba. Daga yau ba zan ƙara tsayawa gaban ɗan Adam ba, wanda kuma ya gamu da ni zai yi yadda Nomau ya yi."

Ruwa ya dawo daga baya. Kulu ta rayu, amma tarin bai bar ta ba har ta tsufa, kuma duk sanda ta yi shi sai ubanta ya tashi ya bar wurin.

Shi ya sa har yau in hayaƙi ya nufo mutum, sai ya kau da fuska, ya sunkuya, ido ya cika da ruwa. Ɗanladi, janye ƙanwarka daga bakin murhun nan.