Yadda Kurege Ya Gyara Manhajar Giwa

Ga ta nan, ga ta nanku, a ajiye waya tukuna.

Ta zo mu ji ta, mun ajiye.

Wai Giwa ce ta kafa kamfani a dawa, ta ƙera manhaja mai suna Mashaya, wadda ke nuna wa dabbobi inda ruwa yake da rani. Farko tana nunawa. Sai aka sabunta ta, aka sa mata waƙoƙi. Aka sake sabuntawa, aka sa mata murya mai gaisuwa, sai ta tambayi gida da yara da gajiya kafin ta ambaci ruwa. Wani lokacin ma ba ta kaiwa ga ambaton.

Giwa ta ɗauki Kurege aikin sauraron ƙorafi. Ta ce duk makon da ba a yi kuka da Mashaya ba, buhun gyaɗa nasa ne.

Ɓauna ta zo. "Kurege, jiya tafkin da ya ƙafe tun bara ta kai ni. Ku bar waƙa, ku gyara taswira."

Ya ce, "Yaya Ɓauna, an ji."

Kunkuru ya zo. "Ɗan nan, kafin in isa inda ta ce, kun sabunta ta sau uku. Ku bar ta ta zauna wuri ɗaya mana."

Ya ce, "Baba, an ji."

An ji, an ji, gyaɗa ba ta zo ba.

Sai Kurege ya yi shela cewa an ci gaba, daga yau a cikin manhaja ake ƙorafi. Ya sa aka yi wurin dannawar kamar ƙwayar riɗi. Ɓauna ta sa kofato, waya ta tsage. Kunkuru ya ɗaga hannu, kafin ya sauke an mayar da wurin wata kusurwa. Tsuntsaye kaɗai ke iya dannawa da baki, su kuwa daga sama suke hango ruwa, waƙa kawai suke saurara. Suka rubuta: madalla, a ƙaro waƙa.

Aka ƙaro waƙa. Gyaɗa ta zo, ta sake zuwa, har ramin Kurege ya yi masa kaɗan.

Ana nan, surukan Giwa suka kawo ziyara. Ta ce su zo su ga aikinta. Ta shige gaba riƙe da waya, suna biye, tun hantsi har la'asar. Suka isa wani fili, ƙasa duk ta dare. Manhaja ta yi musu barka da isowa, ta saki waƙa.

Babbar surukarta ta ce, "Waƙar dai da daɗi, 'yar nan."

Giwa ta koma gida, ta sa aka kira Kurege. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta tsayar daidai kansa.

"Kai ka ce kowa na yabo?"

"Ranki ya daɗe, duk wanda ya rubuto yabo ya yi."

"Yau zan mayar da kai tabarma."

"Ikonki ne, Hajiya. Sai dai gobe namun dawa za su tambayi laifina. A ce Mashaya ta ɓatar da mai ita. Sai a tambaya, wa ya ƙera ta?"

Ƙafar ta ɗan yi sama.

"To, a gyara taswirar?"

"Allah ya kiyaye! Gyara ai amsa laifi ne. A ce Mashaya ta kammala aikinta cikin nasara, an yi mata ritaya. A canza launi zuwa kore, a kira ta Sabuwar Mashaya."

"Ruwan fa?"

"Hajiya, saura mako uku damina ta faɗi. A ɗaga bikin ƙaddamarwa zuwa bayan ruwa na biyu."

Giwa ta sauke ƙafa a gefe, a hankali.

Aka yi ruwa na farko, aka yi na biyu, aka ƙaddamar. Manhaja ta nuna gabas, ruwa. Ta nuna yamma, ruwa. Ta nuna ƙofar gidan Ɓauna, Ɓauna ta leƙo, ruwa har gwiwa. Surukar Giwa ta aiko da saƙon taya murna.

Aka ɗaga Kurege zuwa shugaban tsare-tsare, aka haƙa masa rami mai ɗaki biyu. Kunkuru ya tare shi a hanya.

"Ɗan nan, in rani ya dawo fa?"

"Baba, na riga na nemi canjin wurin aiki. Dila ne zai gaje ni, yana ta murna."

Ƙurunƙus kan ɓawon gyaɗa. Duk mai shawara ga babban kamfani ya kai ta, ana ji ƙwarai. Amma ya cika tulunsa kafin ya fita.