Ƙusar da ke Bangon Zaure

An yi wani mutum a wani ƙauye na ƙasar Gwiwa. Ba za a faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma abin da yake ciki ya ishe shi.

Mahaifinsa direba ne. Ya bar tsohuwar Fijo 404, farar akori-kura, wadda ta girmi ɗan nasa. Kafin ya cika ya ce motar ba ta cikin gado, ya ba Allah ita: mai naƙuda da marar lafiya a kai su asibiti Kazaure, kada a karɓi ko sisi. Makullin yana rataye a wata ƙusa a bangon zaure. In lalura ta taso, duk wanda ya iya tuƙi ya shiga ya ɗauka, ba sai ya nemi izini ba.

Mutumin nan shi ke kula da ita, kuma ya iya. Ya yi mata fenti, ya gyara inji, har ta zama abin kallo. Nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Ya fara cewa "motata". Duk inda ya zauna, majalisa ko teburin mai shayi, sai ya wurga makullin gabansa, ƙwal, don a san da mai mota ake zaune.

Rannan abokinsa Ashiru, dillalin shanu a Babura, ya zo masa da zance. Masu tsofaffin motoci sun haɗa ayari, mota bakwai, za su tsallaka Nijar su ratsa Sahara, a sha yawo a ɗauki hotuna.

Yana cire makullin, sai yayarsa ta tare shi a zaure.

"Ina za ka kai makullin Baba?"

"Kwana goma ne kawai, Adda."

"Matarka Bahijja watanta ya kama. Da cikin kuka yi alkawarin kwana goman?"

"Ke dai ba kya son mutum ya sha iska."

"Wadda ka sha a baya ba ta ishe ka ba? Ga ta nan tana kaɗa ka."

Ya yi tsaki ya fita.

Kwana uku suna keta rairayi. Farar Fijo tana gaba, sauran suna kafewa ana turawa. Aka yi ta yi masa kirari, kansa ya ƙara kumbura. Suka sauka a wani birni, a wani ƙaton otal mai ɗakin caca a ƙasa. Ɗakin ba taga, ba agogo, kiran salla ba ya shiga.

Ya ce kallo kawai zai yi. Wa ya taɓa tsayawa kallo a bakin rijiya gaba dubu? Ya ja kujera, ya wurga makullin kan koren tebur kamar yadda ya saba. Ya ci sau biyu, daga nan aka shiga cin sa. Azahar ta wuce, la'asar ta bi ta, sefar aljihunsa ta ƙare.

A teburin akwai wani dillalin tsofaffin motoci, wanda tun safe yake zagaya Fijon yana shafa ta. A wurinsu, abin da aka ɗora a tebur ya shiga wasa. Dillalin motocin ya nuna makullin da haɓa.

"Alhaji, har da mato?"

Mutumin nan bai taɓa zuwa Makka ba, amma sunan ya yi masa daɗi. Ko a lokacin ma, da ya miƙa hannu ya ɗauke abinsa, da ya tsira. Sai Ashiru ya yi dariya.

"Ku bar shi, motar asibiti ce. Addarsa za ta zane shi!"

Tebur ya kwashe da dariya. Ya ji kamar an watsa masa garwashi.

"Har da ita," in ji shi.

Aka buɗe kati. Dillalin ya sa makullin a aljihu, har da godiya.

Abokan fa? Sun ci gaba da yawonsu, akwai hotunan da ba su ɗauka ba. Shi kuwa a saman motar awaki ya dawo Babura.

Kafin ya iso, naƙuda ta zo wa Bahijja da gardama. Maƙwabcinsu Yakubu ya shiga zaure da gudu, ya kai hannu inda aka saba, ya damƙi ƙusa tsirara. A amalanken shanu aka ɗauke ta zuwa bakin titi, tana zubar da jini. Ita ta rayu da ƙyar. Yaron, ɗansa na fari, bai zo da rai ba. Daga asibiti gidan iyayenta ta wuce a Roni, har yau ba ta dawo ba.

Ya 'yan uwa, kada wanda ya ce tsautsayi ne! Tsautsayi ne ya cire makulli daga ƙusa? Tsautsayi ne ya buɗe masa baki? Ya ci amanar mamaci, ya yi caca da abin da aka ba Allah, don kawai kada 'yan iska su yi masa dariya. Ya ji tsoron dariyar tebur, bai ji tsoron Ubangijinsa ba. Tir da wannan mazantakar!

Kai ma da kake karantawa, akwai makullin da aka ba ka riƙo. Yana kan ƙusarsa, ko yana kan tebur?

Da ya dawo ya nemi filaya zai cire ƙusar. Adda ta riƙe masa hannu.

"Bar ta. Baba ne ya kafa."

Ƙusar tana nan har yau, daidai tsayin idonsa, kuma gidan ba shi da wata ƙofa sai zauren.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya tsare mu da girman kai da teburin caca, ya sa mu mayar da kowane makulli inda muka same shi. Amin.