Batirin Gwaggo Amparo da Rigar Itatí

Akwai wani mutum a unguwarmu, nan Santa Fe, mai suna Anselmo. Direban motar kaya ne, mai son kamun kifi kamar ransa, ga shi da baki. Idan ya sa ka gaba da zolaya, ko ka yi dariya ko ka bar masa wurin.

Yayarsa Amparo tela ce. Shagonta yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan da iyayensu suka bari. Shi kuma yana zaune a sashen baya da 'yarsa Itatí, wadda mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama.

Kun san halin ƙasarmu, ka ɗan haƙa ka tarar da ruwa. Shi ya sa a kusurwar shagon akwai rami mai famfo biyu masu zuƙe ruwa su fitar waje. Babban yana aiki da wutar gari. Ƙaramin na ko-ta-kwana ne, da batir yake tashi idan an ɗauke wuta. Kuma ai lokacin hadari ake ɗauke ta.

Amparo ba ta wasa da batirin nan. Ta ɗora shi a kan wata kanta nesa da ƙasa, kullum yana jone da caja. Duk farkon wata sai ta buɗe murafansa ta ƙara masa ruwan batir, ta goge kawunansa, ta shafa giris. Sai ta zare babban famfo daga wuta, ta juye bokiti a ramin, ta tsaya har ta ji ƙaramin ya tashi.

Wata rana Anselmo ya leƙo yana zuƙar shayin mate, ya ce, "Yaya, ko marigayi mijinki bai ga wannan tarairayar ba."

Ta ce, "Shi bai taɓa kwashe min ruwa ba."

A makon nan Itatí za ta cika shekara sha biyar, shekarar da ake yi wa yarinya babban biki a wajenmu, an sa bikin ranar Asabar. Amparo ce ke ɗinka rigar da za ta yi rawa da mahaifinta a ciki. A gindin rigar ta kewaya farin leshin da ta ciro daga rigar auren mahaifiyar yarinyar. Itatí ce ta roƙa. Rigar tana sanye a jikin mutum-mutumi mai gindin ƙarfe, an kafe ta da allurai, saura ɗinkin ƙarshe.

Ana haka batirin injin kwale-kwalen Anselmo ya mutu, ga abokai sun shirya fita kogi ranar Lahadi. Ya roƙi Amparo aron na shago, ya ce zai ajiye mata tsohon batirin motarsa. Ta ƙi. Ta ce na mota ƙarfinsa na lokaci ɗaya ne, ya tada inji ya huta, nata kuwa an yi shi ne don dogon aiki, shi ya sa ma yake sonsa. Ya nuna mata sama, ko ɗigon gajimare babu, ya ce tsoro ya tsufar da ita.

Ranar Lahadi tana fita coci ya sauka shagon. Ya sauke nata, ya ɗora nasa, ya maƙala wayoyi. Koriyar fitilar caja ta kama. Ya yi murmushi ya tafi.

Bayan la'asar iska ta juya. Sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya, ruwa ya ɓarke. Itatí tana gidan ƙawarta suna koyon rawa. Amparo tana kicin tana soya fanke, kamar yadda kowane gida yake yi idan ana ruwa, sai wuta ta ɗauke. Ta ji ƙaramin famfo ya tashi a ƙasa, ta ci gaba da suyarta.

Ba a jima ba ƙarar ta fara ja da baya. Ta yi kamar tari. Ta yi shiru.

Ta sauka da tocila tana dafa bango, don gwiwarta ba lafiya. Ruwa ya riga ya cika ramin yana malala. Ta haska kantar, ta ga tsohon batirin mota duk maiƙo. Ta kira Anselmo a waya. Yana fake a wani tsibiri.

"Anselmo, ina batirina?"

"Yaya, bari in yi miki bayani…"

"Ruwa ya kai min idon sawu. Rigar 'yarka tana nan." Ta kashe.

A shagon akwai kayan mutane: rigar wata amarya, kayan makarantar yara, yadudduka na amana. Rigar Itatí ba ta ciruwa da sauri saboda allurai, gindin ƙarfen kuma ya fi ƙarfinta. Sai ta tattare gindin rigar ta ɗora kan kujerar roba, ta fara hawa da kayan mutane. Ta hau, ta sauko. Ta hau, ta sauko. Ruwa ya kai ƙwauri.

Shi kuwa Anselmo, abokansa sun ce ya jira kogi ya lafa, bai saurare su ba. Ya iso gaɓa da ƙyar. Motarsa ta mutu a titin da ruwa ya shanye, ya saɓa batirin Amparo a kafaɗa ya shiga ruwa da ƙafa. Mutanen da ya saba yi wa dariya suna kallonsa ta taga.

Da ya sauko shagon, ruwa ya kusa gwiwa. Garin sauri har ya kusa juya wayoyin. Amparo ta haska masa, ta ce ja da ja, baƙi da baƙi. Kwale-kwale ya riga ya sha rabin cajin. Suka tsaya suna sauraro. Famfon ya yi gurnani, ya kama.

Sai ta juya tocilar. Kujerar roba tana can tana yawo a kusurwa. Gindin rigar yana cikin ruwan laka da man keken ɗinki.

Ya jira zagi, bai samu ba. Bokiti ta miƙa masa.

Ta wanke leshin ta sake wankewa, bai fita ba. Ta yanke shi, ta rage tsawon rigar. Ɗan guntun da ya tsira, bai kai tafin hannu ba, ta ɗinke shi daga ciki, daidai ƙirji.

Ranar Asabar Itatí ta sa rigar, ta dubi ƙasa, ta ce, "Gwaggo, ina leshin Mama?"

Amparo ta ci gaba da gyara mata kafaɗa, ba ta tona ƙanenta ba. Anselmo ne ya matso, ya faɗa mata komai da bakinsa, bai rage ba.

Yarinyar ta dube shi. Ta ce, "Baba, kifi nawa ka kama?"

Ya ce, "Ko ɗaya."

Ta dafa ƙirjinta wurin guntun leshin, sannan ta miƙa masa ɗaya hannun. Suka yi rawarsu, mutane na tafi, shi yana kallon idon sawunta, inda da leshin zai rufe.

Yanzu duk farkon wata shi ne ke sauka da bokiti. Ba ya tafiya sai ya ji ƙaramin famfo ya tashi.

Darasi: Abin da aka ajiye don ranar wahala ba ya zaman banza, ko da ka ga sama tas. Kada ka raina mai tanadi, kada ka taɓa abin da aka hana ka don kana ganin ka fi kowa wayo, domin asarar tana iya faɗawa kan wanda ka fi so. Mai famfo ya sauka ya gwada batirinsa yau, sannan ku tura labarin nan ga wannan ɗan'uwan naku da ba ya jin "a'a".