Fitilun Motar Nomau

A unguwar Zango, cikin birnin Damagaram, an yi wani mai gyaran wutar mota ana ce masa Mala. Tsakani da Allah, Mala ya iya aiki. Amma yana da wani mugun ciwo: bakinsa bai san "na yi kuskure" ba. Kullum a gaban direbobi sai ya bugi ƙirji ya ce, "Aikin da ya fita daga hannuna ba ya dawowa." Ya faɗa, ya maimaita, har maganar ta zama kirarinsa.

Yana da amini direba, Nomau, wanda suka tashi tare tun suna 'yan yara. Nomau gonar gadonsa ya sayar ya sayi wata tsohuwar akori-kura, yana jigilar manoma da buhunan gyaɗa tsakanin Durum da birni. Motar nan ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa. In ya kawo gyara, ba ya barin mota ya tafi kamar sauran direbobi. Sai ya zauna bisa bencin Mala, ya hura gawayi, ya ɗora shayi, ana aiki ana hira har a gama.

Gab da damina, dinamon motar ya daina cika batir. Mala ya kwance shi, ya ciro regilata daga wata matacciyar mota ya saka. Regilata ɗan ƙaramin abu ne, aikinsa ya hana wuta yin yawa. Don tsabar yarda da kai, Mala ko gwada shi bai yi ba.

Ba a jima ba ƙwan fitila ya ƙone, cikin ƙananan fitilun nan na ƙasa da direba ke ganin bakin hanya da su in ruwa ya rufe ido. Aka sauya. Kafin kasuwa ta zagayo, duka biyun suka ƙone. Da Mala ya buɗe gaban motar, sai wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya doke shi, ya taɓa batir ya ji zafi rau. Nan take ya gane wuta ce ta yi yawa, kuma aikin hannunsa ne. Ya waiga, ya ga garaji cike da direbobi. Sai ya rufe.

"Amini, da hannu ka taɓa gilashin ƙwan?" in ji Mala.

"E, na taɓa."

"To ka ji! Maiƙon yatsa ke kashe shi."

Nomau, bawan Allah, har haƙuri ya ba shi. Daga ranar da tsumma yake ɗaukar ƙwan fitila. Suka sake ƙonewa. Mala ya ce ruwa ne ke shiga, ya liƙe bakin fitilun da danƙo. Suka sake ƙonewa. Ranar ce Mala ya ce, "Ka bar mini motar ta kwana nan mana."

Nomau ya yi dariya. "Haba Mala! Ƙwan fitila ne zai kwanar da mota? Saka mini, ga shayi ya kusa nuna."

Da uzuri ya ƙare, sai Mala ya ɗora laifin kan Hamisu, wani Bakano mai sayar da kayan mota a kasuwa. Ya ce ƙwayayensa jabu ne. Nomau bai taɓa shakkar maganar amininsa ba. Ya je shagon Hamisu, ya zazzaga masa rashin mutunci a gaban jama'a, ya kira shi macuci. Hamisu ya ce, "Allah Ya isa tsakanina da wanda ya gaya maka haka."

Wata ranar kasuwar Durum, bayan la'asar, Nomau ya ɗauko mutane da kaya. Hadari ya taso, gari ya yi baƙi ƙirin, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ya kunna fitilu duka. Fat! Ƙananan suka mutu. Bai gama salati ba manyan ma suka bi su. Gabansa kuwa ruwa ya riga ya cinye rabin hanya, bai gani ba. Motar ta wuntsila cikin kwazazzabo. Allah Ya tsare, ba wanda ya rasu, amma Nomau ya karye a cinya, mota kuwa ta lanƙwashe, inji ya sha ruwa ya ƙoshi.

Yana kwance a likita sai ga Hamisu da 'yar ledar lemo, duk da abin da ya shiga tsakaninsu. Bayan sun gaisa ya ce, "Malam Nomau, abu ɗaya ke ɗaure mini kai. Da sabon regilata a mota, yaya fitilu za su mutu gaba ɗaya?"

"Wane sabon regilata?"

"Wanda Mala ya saya a wurina tun ruwan farko. Da bakinsa ya ce na motarka ne, wai tsohon yana sakin wuta. Bai saka ba?"

 Nomau ya tuna tsumma, ya tuna danƙo, ya tuna zagin da ya yi wa wannan mutum a banza. Hawaye suka zubo masa, kuma ba na ciwon cinya ba ne.

Washegari Mala ya zo dubiya. Bai kai ga zama ba Nomau ya ce, "Ina regilatan?"

Mala ya ce, "Yana ƙarƙashin benci, cikin kwalinsa."

"Bencin da nake zama?"

"Wallahi so na yi in sauya shi ba ka gani ba. To kai kuma ba ka tashi, kullum kana nan da shayi."

"Ashe zamana ne laifin," in ji Nomau. "Mala, ni za ka ɓoye wa? Da ka ce mini ka yi kuskure, wallahi dariya zan yi, in zuba maka shayi. Ka bar ni ina ɗaukar rayukan mutane, kana kallo, don kada a ce aikinka ya dawo. Ka ci amanata."

"Ka yafe mini, amini. Zan kawo shi yanzu."

"Kada ka kawo mini. Motar tana can cikin kwazazzabo. Je ka saka mata."

Labari ya bazu tasha, direbobi suka watse daga garajin Mala. Nomau ya warke da ɗingishi, ba gona, ba mota, yana kiran fasinja ga motocin wasu. Butar shayinsa tana nan a garajin har yau, bai aika a karɓo ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kuskure ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne abin kunya. Duk ɗan Adam ajizi ne, kuma wanda ya ce "na yi kuskure" da wuri ya tsirar da kansa da wanda ya yarda da shi. In abu yana ta lalacewa, a nemi tushensa, a daina laluben wanda za a ɗora wa laifi. Girman kai rawanin tsiya ne, mai shi yake naɗawa, amma sau da yawa na kusa da shi ne ke fara shan wahalarsa.